Babi na biyu na Hartshorne ya tsaya mini a wuya

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ku da aiki. Ni ɗalibin lissafi ne. Na gama digirin farko a gida da sakamako mafi daraja, aka ɗauke ni koyarwa a sashenmu, daga baya Allah Ya sa na samu tallafin karatu zuwa wata jami'a a Turai domin digiri na biyu. Na zaɓi jometirin aljabara, fannin da ke nazarin siffofi ta hanyar ikweshan. Malamin da ke duba aikina ya ce in karanta babi na biyu da na uku na littafin Hartshorne, in riƙa zuwa muna tattaunawa. Malam, tun farkon zango nake kan shafukan farko na babi na biyu. Ina iya rubuta ta'arifin shif da na sikim da ka ba kuskure, amma wallahi ban san abin da suke nufi ba. Tambayoyin ƙarshen sashe kuwa, sai in kwana a kan guda ɗaya ban motsa ta ba. Abokan karatuna suna hira da waɗannan abubuwa har da dariya. Ni a gida aljabarar da muka yi ba ta wuce gurup da ɗan abin da ya shafi ringi ba, ban taɓa zama ajin aljabarar kwamutatif ba. Yanzu na fara guje wa malamin, ina aika masa cewa ba ni da lafiya. Mahaifina kullum yana tambayata yaya karatu, ina cewa alhamdulillahi. Ina tunanin in koma fannin ƙididdiga, ko in tattara in dawo gida. Don Allah ku gaya mini gaskiya, kaina ne bai kai ba?

Ƙaninku, daga Turai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a gama lafiya.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarka da ba zai jira sai ka gane sikim ba, shi ne ɓuyan da kake yi wa malaminka. Ka daina a wannan makon. Duk wanda ya koyar da wannan fanni ya saba jin ɗalibi ya ce bai gane ba, kusan ita ce gaisuwarsu. Abin da ke ɓata suna shi ne ɗalibi ya ɓace, domin malamin ba zai ce kunya ce ta hana ka zuwa ba. Zai ɗauka ba ka damu ba ne, kuma shi ne zai rubuta wa masu tallafinka rahoto. Ka rubuta masa gajeren saƙo, ka ce ba ka taɓa yin aljabarar kwamutatif ba, ba ka kuma taɓa yin jometirin lanƙwasa ba, kana son ku sake tsara karatun. Mai yiwuwa ma bai san haka ba. Ya saba da ɗaliban da suka zo masa da waɗannan darussa a aljihu, sai ya ba ka abin da yake ba su.

Game da tambayarka kuwa, ban ga ƙarancin kai a wasiƙar nan ba. Abin da na gani shi ne an fara maka karatu daga inda ba a farawa. Ka san yadda ake karatun fiƙihu a zaure. Ba wanda ake miƙa wa Mukhtasar na Halilu a ranar farko. Sai an bi Ahalari, an bi Ishmawi da Iziyya, an zauna a kan Risala, sannan a tunkari Mukhtasar, shi ma da sharhi a gefe da malami a gaba, saboda matani ne dunƙulalle da aka rubuta wa wanda ya riga ya san mas'alolin. Littafin Robin Hartshorne, wanda ya fito a 1977, irin wannan matsayi yake da shi. Yana ɗauko sakamakon aljabarar kwamutatif ya ajiye ba hujja, ya tura ka wasu littattafai. Da yawa daga abin da ya kamata a ce bayani ne, ya zuba shi cikin tambayoyin ƙarshen sashe. A babi na farko ma, cikin tambayoyin sashe na biyu, akwai wadda shi da kansa ya rubuta cewa ba a warware ta ba tukuna. Littafi ne mai kyau, kuma za ka dawo gare shi. Amma kwana a kan tambayarsa guda ɗaya ba ya nuna komai game da kan mutum.

Ka kuma san tsawon tafiyar da aka dunƙule a shafukan da suka tsaya maka. Tun 1637 Descartes ya haɗa ikweshan da zane. Bézout ya wallafa aikinsa kan haɗuwar lanƙwasa a 1779. Hilbert ya kawo ƙa'idar da ke haɗa ɗigo da aidiyal a 1893. Malaman Italiya irin su Castelnuovo da Enriques da Severi sun yi nisa da basira da zane, har hujjojinsu suka fara kasa ɗaukar abin da suke iƙirari, sai Zariski da Weil suka sake gina harsashin da aljabara zalla. Serre ya shigo da shif cikin fannin a 1955. Sannan Grothendieck da Dieudonné suka fara fitar da ginin sikim daga 1960. Kowane ta'arifi da ka haddace amsa ce ga wata matsala da ta dami mutane shekara da shekaru. Kai an ba ka amsar ba a nuna maka matsalar ba, shi ya sa take zaune a bakinka ta ƙi sauka.

To bari in nuna maka kaɗan daga matsalolin, ka ɗauko takarda.

Zana da'ira, x² + y² = 1, ka ratsa ta da layin y = 0. Sun haɗu a ɗigo biyu. Ɗaga layin zuwa y = 2. A zane ba su haɗu ba, amma lissafi ya ce x² = −3, wato har yanzu amsa biyu ce idan ka yarda da lambobin da ke ɗauke da i, lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da −1. Wannan ne dalilin da ya sa littafin ya nace kan filin lambobi wanda kowane folinomiyal ke da tushe a cikinsa. Yanzu sauko da layin zuwa y = 1, inda yake shafar saman da'irar kawai. Ɗigo ɗaya ido ke gani. Lissafi kuwa ya ba ka x² = 0. Idan ka ce ai x² = 0 daidai yake da x = 0, ka zubar da wani abu. Idan k shi ne filin lambobin, ringin k[x]/(x) girmansa ɗaya ne, amma k[x]/(x²) girmansa biyu, akwai 1 akwai x, kuma wannan x ɗin ba sifiri ba ne ko da yake idan ka ninka shi da kansa ya mutu. Ringin ya tuna cewa ɗigo biyu ne suka haɗe a nan, zanen ya manta. Sikim hanya ce ta ƙin mantawa. Idan an ce maka Spec na k[x]/(x²), wato sararin da ake ginawa daga wannan ringi, wannan ɗigon saman da'irar ake nufi, tare da ɗan alamar inda layin ya nufa.

Bézout ya ce lanƙwasa mai daraja m da mai daraja n suna haɗuwa a ɗigo m sau n. Gwada da da'ira biyu. Ya kamata a samu huɗu, amma duk yadda ka zana su ba za ka ga sun wuce biyu ba. Ina sauran? Rubuta da'irar a matsayin x² + y² = z², ka sa z = 0, za ka sami ɗigo biyu can a iyakar farfajiyar furojektif, [1 : i : 0] da [1 : −i : 0], kuma kowace da'ira a duniya ta bi ta kansu. Ga huɗun sun cika. Sai ka tambayi kanka da'ira biyu masu cibiya ɗaya, ƙarama cikin babba, ina nasu huɗun? Wannan na bar maka. Wanda ya yi wannan lissafi da hannunsa ba zai sake tambayar me ya sa ake wahalar da shi da sararin furojektif ba.

Saura shif, wanda na san shi ya fi ba ka ciwon kai. Ɗauki cikakkun lambobi, Z. Ɗigon Spec Z su ne firam-firam, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, 2, 3, 5, 7 har abada, sai ƙarin ɗigo guda, na aidiyal ɗin sifiri, wanda ya bazu ko'ina. Ka ɗauki lamba 12 a matsayin fankshin a kan wannan sarari. Ƙimarta a ɗigon 5 ita ce abin da ya rage idan ka raba 12 da 5, wato 2. A ɗigon 7 ƙimarta 5. A ɗigon 3 sifiri ce, a ɗigon 2 ma sifiri ce, har sau biyu, tun da 4 na shiga cikin 12. Yanzu dubi 5/12. Ba ta da ma'ana a 2 da 3, amma a duk sauran wurare lafiya lau take, a ɗigon 7 ma ƙimarta 1 ce, lissafa ka gani. Ka ga ke nan kowane buɗaɗɗen yanki yana da nasa fankshin da ke rayuwa a kansa, idan ka rage yankin sai su ƙaru. Kundin da ke riƙe da lissafin wane fankshin ne ke rayuwa a wane yanki, da sharaɗin cewa idan sun dace a inda yankuna suka haɗu ana iya ɗinke su, shi ne shif. Dogon ta'arifin da ka haddace wannan yake faɗa. Kuma a nan za ka ga abin da ya sa mutane suka jure wahalar: harshe ɗaya ya ɗauki da'ira ya kuma ɗauki firam. Da wannan harshe Deligne ya kammala hujjar hasashen Weil a 1974, da shi kuma Wiles ya rufe zancen Fermat, aikin da aka wallafa a 1995.

Ka buɗe littafin rubutu na musamman don misalai, ka riƙa zuba su. Lanƙwasa y² = x³ mai tsini, da y² = x²(x + 1) mai ratsa kanta. Taswirar da ke kai t zuwa (t², t³) tana haɗa kowane ɗigon layi da ɗigo ɗaya tak na mai tsinin, amma duk da haka ba abu ɗaya ba ne, saboda ringin k[t², t³] ba shi da t. Lanƙwasa xy = 1, wadda ita ce layi da aka cire wa sifiri. Layi biyu da aka manne ta hanyar x zuwa 1/x, su ba ka layin furojektif, da kuma layi biyun nan idan aka manne su ta x zuwa x, su ba ka layi mai sifiri biyu, wanda saboda irinsa aka ƙirƙiro sharaɗin rabuwa da za ka tarar a sashe na huɗu. Duk sabon ta'arifi da ka haɗu da shi, kada ka wuce sai ka gwada shi a kan waɗannan, ka samo wanda ya cika sharaɗin da wanda ya karya shi. Idan ka kasa samo mai karyawa, ba ka gane sharaɗin ba tukuna. A ganina shafi ɗaya da aka bi ta haka ya fi babi guda da aka haddace.

Batun littattafai ba zan ja shi ba, domin yawansu ma wata cuta ce. Ka ɗauki ɗaya na lanƙwasa: Algebraic Curves na William Fulton, wanda ya fito a 1969 kuma marubucin ya sake shi kyauta a intanet tun 2008, ko ƙaramin littafin Miles Reid na 1988, Undergraduate Algebraic Geometry. Fulton zai kai ka har hujjar Bézout da ƙa'idar Riemann da Roch ba tare da ya ambaci sikim ba. A gefensa ka riƙe littafin Atiyah da Macdonald na aljabarar kwamutatif, shi ma na 1969. Siriri ne, shafi 128, amma kada sirantarsa ta ruɗe ka, naman yana cikin tambayoyin. Babi na ɗaya zuwa na uku, da na biyar, da na bakwai su ne na gaggawa. Tambayoyin babi na ɗaya daga ta 15 zuwa gaba suna gina maka Spec da hannunka, kada ka tsallake su. Idan ka dawo kan sikim, ka ajiye sharhi kusa da Hartshorne: The Geometry of Schemes na Eisenbud da Harris saboda misalansa, ko rubutun Ravi Vakil na jami'ar Stanford, The Rising Sea, ko na Andreas Gathmann na Kaiserslautern, wanda ya fi su sauƙin shiga. Na Vakil da na Gathmann duk ana samunsu kyauta. Richard Borcherds kuma yana da darussa a YouTube da ke bin tsarin Hartshorne, ga ranar da ido ya gaji. Stacks Project, wanda Johan de Jong ya fara a 2005, ya haura shafi dubu bakwai. Wurin duba hujja ne idan ana bukata, ba a karanta shi daga farko. Sannan ka sa manhajar Macaulay2 ko ta Singular a kwamfutarka, kyauta ne, su riƙa duba maka lissafin aidiyal idan ka yi da hannu kana shakka.

Amma ga rami a ɗaya ɓangaren, kuma masu irin halinka, waɗanda suka saba zuwa na ɗaya, su suka fi faɗawa. Shi ne ka ce ba za ka sake taɓa sikim ba sai ka ƙare aljabarar kwamutatif kaf, sai ka ƙare tofoloji, sai ka ƙare nazarin katigori. Ba ta ƙarewa. Digirin naka shekara biyu ne a mafi yawa. Ka ba komawa bayan nan wa'adi, wata biyu ko makamancin haka, ku yanke shi tare da malaminka, sannan ka koma babi na biyu ko da akwai ramuka. A wannan fanni mutum yakan yi amfani da ƙa'ida watanni kafin ya zauna ya bi hujjarta, kuma ba ha'inci ba ne muddin ya san wadda ya bi da wadda ya ara. Ka rubuta waɗanda ka ara a shafi guda, ka riƙa biyan bashin a hankali. Haka kohomoloji na babi na uku: kafin ka nutse cikin ginin, ka rufe layin furojektif da buɗaɗɗun yankuna biyu ka lissafa ta hanyar Čech, za ka ga folinomiyal ne kawai masu x da 1/x, ana duba wanda ya fito daga dama, wanda ya fito daga hagu, da wanda ya rage a tsakiya.

Tambaya kuma idan ta ƙi, ka ba ta yini ɗaya ko biyu na gaske, ka rubuta daidai inda ka maƙale, sannan ka kai wa mutum. Amsoshin Hartshorne sun cika intanet, wasu daidai wasu da kuskure, kuma manhajojin da ke amsa tambaya za su rubuto maka hujja mai kyan gani ko da ta karkace. Idan ka leƙa, ka leƙa layi ɗaya ka rufe.

Abokan karatunka da ke dariya, wasunsu sun fi ka sani da gaske, domin sun riga ka farawa da shekara biyu ko uku. Wasu kuma kalmomin suka iya. Hanyar ganewa ita ce ka tambayi ɗaya ya lissafa maka misali a kan allo. Ko wanne ne daga ciki, ka nemi mutum biyu ku riƙa zama sau ɗaya a mako, kowa ya gabatar da tambaya ɗaya. Kunya tana da muhallinta, gaban allo ba ya ciki. Grothendieck kansa, da ya zo Faris a 1948 daga jami'ar Montpellier ya zauna a zaman karatun Henri Cartan, bai iya bin abin da ake yi ba, har aka ba shi shawara ya tafi Nancy. Daga baya ya rubuta yadda yake jin kansa mai nauyin fahimta a tsakiyar masu saurin kamawa. Ban kawo shi don in ce kai ma haka za ka zama ba. Na kawo shi don ka ga cewa zama a ɗaki ba ka gane abin da ake faɗa ba ya yanke hukunci a kan kowa. Ka ci gaba da zuwa laccocin baƙi ma. Vakil yana ba ɗalibansa shawarar su fito daga kowace lacca da abu uku kacal da suka rubuta, ko ta'arifi ko misali ko tambaya, kuma dabara ce mai aiki.

Zancen komawa ƙididdiga, ba abin kunya ba ne, fanni ne mai daraja kuma aikinsa ya fi samuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka yanke hukunci yanzu, kana cikin gudu, kana kuma cikin sanyi da kaɗaicin ƙasar mutane. Ba ka ɗanɗani jometirin aljabara ba tukuna, ta'arifinsa kawai ka haɗiya. Yi zango ɗaya ta hanyar da na faɗa. Idan ka gano inda ɗigo huɗun da'irorin nan suka ɓuya ka ji wani daɗi ya taso maka, ka zauna. Idan ka gane sarai amma ka ji ba ruwanka, ka sauya da hankali kwance, bayan ka duba abin da takardar tallafinka ta ce game da sauya fanni. Ka kuma roƙi malaminka ya ba ka ƙaramin batu mai kama hannu tun da wuri, irin lanƙwasar eliftik ko siffofin torik, inda ake zana abu a lissafa shi. Mutum ya fi koyon sikim idan akwai abin da yake nema da shi.

Baba kuma ba sai ka ɗora masa Spec ba, amma ka daina rufe shi da alhamdulillahi kaɗai. Ka ce masa karatun ya yi tsauri, kana kan gyara, ya sa ka a addu'a. Iyaye sun fi ɗaukar wannan a kan su ji labari daga baya. Idan ya tambaye ka amfanin abin da kake karantawa, ka gaya masa cewa saƙon WhatsApp da yake aiko maka da lissafin wata lanƙwasar eliftik ake kulle shi, dabarar da Koblitz da Miller suka kawo a 1985, kuma daga gidan da kake karatu ta fito.

Ga aikin da za ka tafi wa malaminka da shi, don kada ka shiga ofishinsa hannu rabbana. A 1849 Cayley da Salmon suka nuna cewa kowace shimfiɗa mai daraja uku marar tsini tana ɗauke da miƙaƙƙun layi 27, ba ƙari ba ragi. Ɗauki x³ + y³ + z³ + w³ = 0. Idan a³ = 1 kuma b³ = 1, layin da x = −ay da z = −bw suka bayar yana kwance a kanta; sa su ciki ka tabbatar. Da lambobin da ke ɗauke da i, zaɓin a uku ne, na b uku, ka samu tara. Nemo sauran goma sha takwas, sannan ka ɗauki layi ɗaya ka nuna cewa guda goma cif yake haɗuwa da su cikin sauran.